Kamun kifi a ƙasar Damagaram: ina ruwan yake, me ke ciki, wa za ka tambaya

Jama'a masu sha'awar fatsa, mu fara da gaskiyar da kowa ya sani, mu nan Damagaram ba mu da kogi mai gudu rani da damina. Kogin Isa yana can yamma, daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, Komadugu kuma tana can Difa kan iyakarmu da Najeriya, ita ma ba rani da damina take gudu ba, tana zuwa ne da ruwan da ya gangaro daga Hadeja da Jama'are ta yi wasu watanni ta tsinke ta bar gurabe. Abin da muke da shi tabkuna ne da koramu da ƴan madatsun ruwa, kuma wallahi akwai kifi a cikinsu fiye da yadda mutanen birni suke zato, sai dai ruwa ne mai lokaci, ya cika a watan Agusta, ya yi ta ja da baya har bazara, wani ya ƙafe ƙaf wani ya rage ɗan cibi. Kuma babu tabkin da ba shi da masu shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyu, lokacin ruwa da masu ruwa, zai ci kifi lafiya, wanda ya tafi da ka kuwa ko dai ya dawo da bokiti wayam ko ya dawo babu ragarsa.

In ka ce in zaɓa maka wuri guda sai in ce Gidimuni. Tana kan gudron da ya nufi Gure da Difa, wajen kilomita 70 gabas da birni, motocin tasha suna bi ta nan kullum, ba sai ka yi shatar komai ba. Tabkin Gidimuni ba ruwan sama kawai yake dogara da shi ba, ruwan ƙasa yana kusa sosai a wannan kwarin shi ya sa yake kai wa wata damina, kuma shi ya sa ka ga dabino da rake da garake sun kewaye shi. A 2019 aka sa shi cikin jerin wuraren dausayi na duniya da ake kira Ramsar, ma'ana idon ma'aikatan muhalli yana kansa, ba wurin da za ka je ka yi yadda ka ga dama ba ne. Matsalarsa kacalla, ciyawar nan mai tsawo ta cinye gefuna da yawa, in ba ka san wurin ba sai ka yi ta zagaye ba ka samu inda za ka jefa ƙugiya ba, don haka ka nemi yaron gari ya nuna maka hanyoyin da masunta suka sare, ka ba shi na goro. Amma fa kar ka raina kacallar nan, bakin ta daidai inda ciyawa ta ƙare ruwa ya buɗe nan karfasa take kiwo, nan kuma tarwaɗa take laɓewa.

Sai Lasuri, can wajen Damagaram Takaya, shi tun 2005 yake cikin jerin Ramsar ɗin. Shi ruwan damina ne ya fi riƙe shi, shekarar da sama ta yi kyau ya yi faɗi ya daɗe, shekarar fari ya janye da wuri, kifinsa ma irin masu jure wahala ne wato tarwaɗa da gaiwa. Kafin ka ƙona man babur ka kira wani na can ka ji ko da ruwa. Akwai kuma madatsun Kasama da Tumbala, ga kwarin Korama a kudu ta wajen Matamai da Magarya inda za ka samu gurabe da yawa a tsakanin garake, wasu ƙanana ne ƙwarai amma da yake ba kowa ke damun su ba sai ka ga abin mamaki. Mai hali da lokaci ya leƙa tabkin Madarunfa a jihar Maradi, ya fi namu girma kuma can akwai masunta na gado da jirage. Zancen Komadugu da tafkin Cadi kuwa, tun 2015 da aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Difa wurin ya zama na sojoji da ƙa'idoji, ba wurin da baƙo zai ɗauki sandar fatsa ya tafi shaƙatawa ba ne, bandar can dai muna ganinta a kasuwar Dole, ka saya a nan ya fi maka.

Abu guda da zan roƙe ku, kududdufan cikin gari a bar su. Na san yara suna kama tarwaɗa a ciki kuma wata har da ƙiba, to amma duk ruwan kwata da na masai da juji da baƙin man gareji nan yake gangarawa, ita kuma tarwaɗa ba ta da zaɓe, abin da ta tarar shi take ci.

To yanzu takarda, don nan ne mutane suka fi yin sakaci. A Nijar ruwan tabki da kogi na gwamnati ne, haƙƙin kamun kifi ma a hannunta yake, doka mai lamba 98-042 ta ranar 7 ga Disamba 1998 ita ta shimfiɗa tsarin, a 2021 kuma aka yi sabuwa wadda ta haɗo har da kiwon kifi. Tushen maganar shi ne ba ka kamun kifi sai da permi, wato takardar izini, in ba kana cikin mutanen bakin ruwan da suke da haƙƙi na gargajiya ba, wato waɗanda tun kakanni suke kama na miya a wurin. Kai da ka taso daga Birni ko Zango ko Sabon Gari ka hau mota ka je, ba ka cikin waɗannan, komai ƙanƙantar ƙugiyarka. A dokar 1998 permin iri uku ne, akwai na sana'a ga mai kamawa ya sayar, akwai na nishaɗi ga irinmu masu fatsa, sai na masu bincike kamar ɗaliban jami'a. Ma'aikatan ruwa da gandun daji su ke da wannan aiki, masu kakin nan da muke ganin suna tare masu itace, ka je biron muhalli na jiha a nan Zandar ko na gundumar da tabkin yake, ka tafi da katin ɗan ƙasa, ka faɗa musu irin kamun da za ka yi da irin kayan da za ka yi shi da su, ka biya a ba ka rasit. Rasit ɗin nan kar ka yi wasa da shi, ka naɗe shi da permin cikin leda ka sa a aljihun gaba, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Takardar ta mutum ɗaya ce, ta wanka ba za ta fitar da kai ba ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, kuma ba ta har abada ba ce, ana sabunta ta duk shekara.

Wani zai ce ai ni ban taɓa ganin an tare mai sanda guda ba. Haka ne sau da yawa ba a kula ka, amma ranar da aka zo sintiri saboda wasu sun yi ɓarna kowa ake haɗawa, kuma ma'aikacin yana da ikon karɓe kaya da kifin ya rubuta maka tara. Kuɗin permi bai kai na tara da zirga-zirgar karɓo kaya ba.

Abubuwan da dokar ta hana kuwa ba su da wuyar ganewa. Ba guba, ko gamalin ne ko maganin ƙwarin gona ko magimfa ta gargajiya, ba nakiya, ba lantarki. Tarun ja mai share ƙasan ruwa an hana, dokar 1998 har sunan kindi-kindi da tarun duru ta kama. Ragar da idonta bai kai yatsa uku ba, wato santimita 6 in an ja shi, ita ma dokar 1998 ta haramta ta, to ka ga ke nan gidan sauro da wasu ke yanka suna jan shi cikin ruwa babu ma zancensa, wannan abin yana ƙona mini rai ƙwarai, an raba shi kyauta don yara kar su yi masassara an ɗauke shi an je ana kwashe ƴaƴan kifin da ko yatsa ba su kai ba, a shanya a sayar a tiya, badi kuma a zauna ana cewa tabki ya mutu. Kama ƙananan da ba su isa ba da sayar da su laifi ne, haka tare hanyar kifi da shinge lokacin da yake hawa ƙwai. Gubar nan kuma ku tuna ruwan da ka zuba wa ita shi shanu da raƙuma da awaki za su sha da yamma, shi matan gari za su ɗiba.

Bayan takardar gwamnati akwai izini na biyu wanda ba a rubuta shi, kuma a ganina shi ya fi saurin hana ka su in ka tsallake shi. Kusan duk tabkin kirki yana da sarkin ruwa ko kwamitin masunta, wani wurin kuma mai gari ne da kansa. Ma'aikatar muhalli da ƙungiyoyi sukan kawo irin kifi su zuba a tabkuna, in an zuba sai a rufe ruwan wasu watanni har su girma, mutanen gari su yi ta gadi suna haƙuri, sai ga ka da hular rana da sanda ka zo ka zauna kana ciro musu, me kake tsammani. Don haka in ka sauka kar ka nufi ruwa, ka nufi gindin itacen da dattawa suke, ka yi sallama ka gaisa a natse, ka ce Baba ni baƙo ne daga Zandar, fatsa na zo yi ta nishaɗi, ko ruwa a buɗe yake. In an kai ka wurin sarkin ruwa ka durƙusa ka ce ranka ya daɗe, ka ajiye goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa. Nan take za a faɗa maka gefen da aka hana, da inda ragunan mutane suke a kafe kar ƙugiyarka ta sarƙe su, da inda laka take haɗiye mutum, wani lokacin har a ce ga ramin da manya suke kwana. Wannan bayanin ba ya cikin permi. Ka kuma kiyaye mashaya, inda makiyaya ke shayar da dabbobi ba a kafa ƙugiya ba a barin lailon, wato zaren fatsa, saniya guda ta taka ƙugiyarka maganar ta wuce ta kifi.

Kifayen da za ka tarar a ruwanmu ba su da yawan iri kamar na kogi, uku ne manya. Karfasa, wasu su ce gargaza, ita ta fi yawa inda ruwa ke daɗewa, tana cin gansakuka da ƙananan ƙwari, bakinta ƙarami ne don haka ƙugiya ƙarama za ka sa, lailon siriri, abinci kuma tsutsar nan tana ko gara ko ƙullin dusa da ka kwaɓa da ɗan garin ƙuli-ƙuli ya yi danƙo. Dabarar da ta fi ci ita ce ka zuba dusa jiƙaƙƙiya a wuri guda tun da yamma, da asuba ka dawo daidai wurin. Matoshi kuwa, wato abin da ke yawo a saman ruwa ya nuna maka kifi ya taɓa ƙugiya, ba sai ka sayi na kanti ba, totuwar kara ko guntun tsohon silifas ya isa, ka ɗaura shi yadda abincin zai rataya kamar kamu biyu zuwa uku ƙarƙashin ruwa, in ka ga yana rawa kar ka fizga, tana ɗanɗana ne, sai ya nutse ko ya fara tafiya gefe sannan ka ɗaga da ɗan ƙarfi ba da hauka ba don leɓenta yana yagewa. Macen karfasa a baki take goyon ƙwanta da ƴaƴanta, in ka ciro wata ka ga ta tofar da ƙwai rawaya ko ƴan mitsi-mitsin ƴaƴa, ka mayar da ita da sauri, guda ɗayan nan ɗaruruwa ce.

Tarwaɗa ita ce sarauniyar tabkunan Damagaram don ita ruwa ya yi zafi ya yi kauri ya koma kunun laka ba ruwanta, tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iska da ita, shi ya sa za ka ga tana leƙowa sama tana hamma, kuma da dare in ƙasa da danshi tana iya jan ciki ta bar wannan gurbi ta koma wancan. A ƙasan ruwa take kiwo kuma da hanci da gashin baki take neman abinci ba da ido ba, to ka ba ta abu mai wari, hanjin kaza, hanta, ɗan kwaɗo, tana mai kauri, ko fara, wadda Allah ya hore mana a nan ba sai an je nema ba. Ka sa ƙugiya babba da ɗan dalma ya kai ta ƙasa, ka cire matoshi ko ka bar shi ya yi sako-sako, lokacinta daga la'asar sakaliya zuwa dare da kuma kafin fitowar rana. In ta ɗauka ba ta wasa, ja take yi ta nufi cikin ciyawa, in ka bar ta ta shiga kacalla ta naɗe lailon to kun rabu, saboda haka tun jan farko ka juyo da kanta waje. Wurin cire ƙugiya a yi hattara, tana da ƙaya a fiffiken gefe biyu, ka danne ta da tsumma ka kama bayan kai yatsunka suna bayan ƙayoyin. Masunta na sana'a su mamari suke kafa mata, dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, ko su ajiye tarkon kifin nan da ake kira mali, amma wannan aikin mai permin sana'a ne.

Gaiwa kuwa halittarta daban ce, doguwa kamar maciji, tana da huhu, in tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta bar ɗan ƙofar iska ta kwanta har ruwa ya dawo, watanni tana nan ba ci ba sha, manoman fadama da bazara sukan haƙo ta da fartanya. Tana cin ƙugiya in ka sa nama ko kwaɗo, sai dai haƙoranta faranti ne masu murƙushe katantanwa, tana datse lailon kuma tana datse yatsa, kar ka kuskura ka sa hannu a bakinta ko ka ga kamar ta mutu. Wasu ba sa cin ta, wasu kuma ba su haɗa ta da komai a miya, wannan kowa da gidansu.

Sauran su ƙurungu mai ƙaya uku da ke kullewa yana gurnani in ka kama shi, da ragon ruwa, da bargi, da giwan ruwa, akan same su a wasu tabkunan da aka zuba musu iri kuma ruwan yake da zurfi, amma gidansu na asali kogi ne. Giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi mai iska, yana iya wuce kilo 100, kifi yake ci don haka da ƙaramar karfasa mai rai ake kama shi, wanda yake son wannan da su tsage mai haƙora sai ya shirya tafiya Yamai ko Gaya ko Tilaberi ya shiga jirgi da sarkawa, masuntan kogi. Can kuma akwai minjirya mai jan mutum kamar wayar lantarki, akwai dorina ta wajen Ayoru, ba a shiga sai da ɗan gari.

Lokaci fa. Farkon damina da ruwa ya fara malala cikin ciyawa kifi yana hawa ƙwai, tarwaɗa har a cikin gonaki ake tsintar ta, abin da sauƙi amma lokacin ne ya kamata a ɗaga mata ƙafa kuma sau da yawa lokacin ne ake rufe ruwa. Daga kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, kifi ya ci ya ƙoshi ruwa ya fara kwantawa, wannan shi ne lokacin fatsa mai daɗi. Da sanyin Disamba da Janairu karfasa takan yi sanyin jiki ba ta ci da sassafe, kar ka wahalar da kanka da sammako, ka bari hantsi ya dubi ludayi ruwa ya ɗan ɗumama. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ya tattare wuri guda kifi ya cunkushe, kamu yana yawa, nan ne garuruwa da yawa suke buɗe su na gayya kowa ya shiga da koma da gora, in ka ji labarin ranar ka je ko kallo ne, sai dai zafin ba na wasa ba ne, ka tafi da bido cike da ruwan sha don na tabki ba abin sha ba ne.

Shiga ruwan ma in ba dole ba a bar shi. Tabkunanmu da yawa suna da tsargiya, ƙwayar tana fitowa daga ƙananan katantanwa ta huda fata ba ka ji ba, bayan makonni ka ga jini a ƙarshen fitsari, in ka ga haka ka je likita akwai ƙwayar magani praziquantel da ake bayarwa gwargwadon nauyin mutum, ba abin kunya ba ne. Takalmin roba dogo yana taimakawa, yana kuma kare ka daga matsattsaku da ƙayar da ke cikin laka. In ƙayar tarwaɗa ko ƙurungu ta soke ka ka matse jinin ka wanke da sabulu ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da za ka iya jurewa, raɗaɗin yana sauka, in ya kumbura washegari sai likita. Yaro kuma kar a tafi da shi a sa ido kan matoshi a manta da shi, gefen madatsa yana da santsi kuma zurfin farat ɗaya yake.

Abin da ka kama a zafin nan ba ya jiran ka. Tarwaɗa da gaiwa suna daɗewa da rai, ka sa su a buhu jiƙaƙƙe ko bokiti da ɗan ruwa a inuwa za su kai gida suna motsi. Karfasa ce mai saurin lalacewa, da ta mutu ka farke cikin ka cire hanji da matsarmama a hankali kar ta fashe ta ɓata naman da ɗaci, ka cire jajayen kunnuwan, ka wanke ka barbaɗa gishiri, in kana da kular ajiye sanyi ka sayi ƙanƙara tun daga birni kafin ka taso don a ƙauye ba lallai ka samu ba. In kamun ya yi yawa kuma za ka kwana, matan bakin tabki suna yin banda, ka ba su su kyafe maka ka biya ladan itace da na aiki. Kuma mai permin nishaɗi ba ya kasa kifi a bakin hanya yana sayarwa, ka ci ka raba wa maƙwabta, in sana'ar kake so ka koma biro a sauya maka takarda. Masu gangarawa kudu ta Magarya su bi ƴan'uwa zuwa fadamun Hadeja da Nguru kuma su sani permin Nijar a kan iyaka yake tsayawa, can jihohin Jigawa da Yobe ne ke da ruwansu da nasu ma'aikatan da nasu sarakunan ruwa, sai ka sake neman izini daga farko.